SHARI'A SAƁANIN HANKALI: Ko Kotu Na Iya Sake Rabon Dukiya Bayan Aure Ya Mutu?

Ranar da alƙali ya raba aure, akwai sauran aiki a gabansa bayan tsinke igiya. Akwai gidan da aka zauna a ciki, akwai fili ko gona, akwai kuɗin da ke ajiye a banki, da sauran tarkacen da miji da mata suka tara cikin shekarun zamansu. Tilas ne a san abin da kowa zai tashi da shi. In an gama wannan, aka rubuta, alƙali ya sa hannu, kowa ya kan kama gabansa yana ganin magana ta ƙare. To, amma sau da yawa ba ta ƙarewa. Bayan shekara biyu ko uku sai matar ta ji labarin wani gidan haya da mijin ya gina da sunan ƙanensa tun suna tare, wanda bai ambata a gaban kotu ba. Ko kuwa mijin ne kasuwa za ta juya wa baya, ya wayi gari abin da aka ɗora masa ya fi ƙarfinsa. A nan ne tambaya ta ke tasowa: shin kotu tana da ikon komawa bisa rabon da ta riga ta yi, ta gyara shi ko ta rushe shi?

Amsar a taƙaice ita ce, asalin doka ba ya yarda da haka. Sai dai akwai waɗansu 'yan ƙofofi da aka bari a buɗe, ƙanana ne ƙwarai, kuma ba kowa ke iya shiga ba. Ya kamata mai karatu ya san su, domin mutane da yawa sun yi asarar haƙƙinsu saboda rashin saninsu, waɗansu kuma sun ƙarar da abin hannunsu wajen lauyoyi suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba za ta buɗe ba.

Bakin alƙalami ya bushe

Ƙa'idar da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila ita ce, muddin alƙali ya yanke hukunci na ƙarshe, to ikonsa bisa wannan shari'a ya ƙare. Yana iya gyara tuntuɓen alƙalami, kamar kuskuren lissafi ko na rubuta suna, amma ba shi da damar sake tunani don ɗaya daga cikin masu shari'a ya dawo da kuka. Wanda bai gamsu ba, hanyarsa ita ce ɗaukaka ƙara, ita ma tana da wa'adi. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wata uku ne doka ta bayar ga hukuncin ƙarshe cikin shari'ar da ba ta laifi ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 241, ya ƙara ƙuntata hanyar ga masu rabuwar aure. Wanda ya sami lokaci da damar ɗaukaka ƙara bisa hukuncin farko na raba aure, ya ƙi yi, ba shi da haƙƙin yi bayan hukuncin ya tabbata. Haka kuma hukuncin da aka yanke bisa yardar ɓangarorin biyu, ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai da izinin kotu.

Dalilin wannan tsanani a fili ya ke. In da za a bar kowa ya dawo duk lokacin da ya ga dama, da babu wanda zai iya sayar da gidan da aka ba shi, ko ya jinginar da shi, ko ya sake aure hankalinsa kwance. Mai saye ma sai ya ji tsoro. Shari'a kuwa an yi ta ne domin husuma ta ƙare.

Duk da haka, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta sha bayyana cewa kotu na iya soke hukuncin kanta a waɗansu wurare ƙididdigaggu, kamar yadda ta jero a shari'ar Igwe da Kalu cikin shekarar 2002. Daga ciki akwai hukuncin da aka samu ta hanyar zamba, da wanda kotu ta yanke alhali ba ta da hurumin sauraron ƙarar, da wanda aka ruɗe ta ta yanke tana zaton ɓangarorin sun amince alhali ba su amince ba.

Dokar 1970

Ga waɗanda suka yi auren rajista, watau auren da a ke ɗaurawa a ofishin gwamnati ko a cocin da ke da lasisi, dokar da ke hukunta rabuwarsu ita ce Dokar Shari'ar Aure ta 1970, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa, aka kwaikwayo yawancinta daga dokar ƙasar Ostareliya ta 1959. Babbar Kotu kaɗai ke sauraron irin wannan ƙara. Ta kan fara ba da hukunci na wucin gadi, wanda galibi ya kan tabbata bayan wata uku. Sashe na 70 na dokar ya yi magana bisa kuɗin ciyarwa, na 71 bisa riƙon 'ya'ya, na 72 kuwa ya ba kotu ikon umartar miji ko mata, ko su duka biyu, su tsara dukiyarsu yadda kotu ta ga ya yi daidai da adalci.

Sashe na 73 shi ne ya shafi tambayar yau. Ya ba kotu damar waiwayar umarnin da aka bayar ƙarƙashin waɗancan sassa uku, ta soke shi in wanda aka yi dominsa ya sake aure ko in akwai wani dalili na adalci, ko ta dakatar da shi, ko ta ƙara ko ta rage yawan kuɗin da aka ce a biya. Amma ƙari ko ragi yana da sharaɗi. Sai kotu ta gamsu cewa halin da ɓangarorin ko 'ya'yansu ke ciki ya sake sosai tun bayan umarnin, ko kuwa an ɓoye mata wani muhimmin bayani, ko an ba ta shaidar ƙarya.

A nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu da jama'a ke yawan haɗawa. Kuɗin da a ke biya wata-wata domin ciyarwa da karatun yara abu ne mai tafiya da zamani. Albashi ya kan ƙaru, aiki ya kan ƙare, tsadar kaya ta kan hau, yaro ya kan tashi daga firamare zuwa sakandare, saboda haka ƙofar gyara shi a buɗe ta ke. Gidan da aka riga aka miƙa, aka sake sunan mai shi a takarda, wataƙila ma aka sayar wa wani da bai san hawa ba bai san sauka ba, wannan maido da shi ja ne. Da ya ke alƙalan Nijeriya su kan duba hukunce-hukuncen Ingila domin neman haske, ko da ya ke ba su zama tilas a kansu ba, yana da amfani a ga yadda aka yi da irin waɗannan shari'u a can.

Ƙofa ta farko: ramin ƙarya ƙurarre ne

Shari'ar da ta fi kusa da gida ita ce ta wani lauya a London mai suna Bhadresh Gohil da matarsa Varsha. Sun yi aure cikin 1990, suka haifi 'ya'ya uku, matar ta nemi a raba auren cikin 2002. Da aka zo bayyana dukiya, sai mijin ya shaida wa kotu cewa bashin da ke kansa ya fi abin da ya mallaka. Matar ba ta yarda ba, amma ba ta da hujja a hannu, kuma ta gaji. A watan Afrilu na 2004 ta karɓi sulhu bisa fam dubu 270, aka rubuta a cikin takardar cewa tana zargin mijin bai faɗi gaskiyar dukiyarsa ba, amma ta amince domin magana ta ƙare.

Cikin 2007 ta koma kotu tana neman a rushe sulhun. Ana cikin wannan sai asiri ya tonu ta wata fuskar da ba a zata ba. Ashe lauyan nan yana cikin waɗanda suka taimaka wa James Ibori, wanda ya yi gwamnan Jihar Delta daga 1999 zuwa 2007, wajen karkatar da kuɗin haram. Cikin 2010 kotun London ta same shi da laifi, daga baya aka ɗaure shi shekara goma. Shi kansa Ibori ya amsa laifinsa a London cikin 2012, aka yanke masa shekara 13. A shekarar 2012 ɗin ce Mai Shari'a Moylan ya rushe sulhun 2004, bayan ya gamsu cewa mijin ya ɓoye dukiya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci cikin 2014, amma ran 14 ga watan Oktoba, 1915 da ɗari, watau 2015, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli ta Birtaniya suka taru bisa murya ɗaya suka maido da shi.

Abin lura a hukuncin shi ne yadda suka ɗauki rubutun nan da aka sa cewa matar ta amince duk da zargin da ta ke yi. Lauyoyin mijin sun so su maishe shi garkuwa, su ce ta san da zargin ta kuma yafe. Kotu ta ce faɗin gaskiyar dukiya wajibi ne da ke kan kowane ɓangare ga kotu ita kanta, saboda haka babu wata yarjejeniya tsakanin miji da mata da za ta sauke shi.

A wannan rana ce kuma kotun ta yanke hukunci bisa ƙarar Alison Sharland. Mijinta Charles yana da babban hannun jari a wani kamfanin manhajar kwamfuta mai suna AppSense. Cikin 2012 ya shaida wa kotu cewa babu shirin sayar da hannun jarin kamfanin ga jama'a nan kusa, bisa wannan aka yi wa kamfanin kuɗi, matar ta amince da tsabar kuɗi da kadarori na fam miliyan goma da 'yan kai, da kashi 30 cikin 100 na abin da za a samu in an sayar da jarin mijin. Ba a daɗe ba sai ga labari a jaridu cewa shirin sayarwa ya yi nisa, ana kuma ƙiyasta kamfanin tsakanin dala miliyan 750 zuwa dala miliyan dubu. Alƙalin farko ya tabbatar mijin ya yi ƙarya, amma ya ƙi rushe sulhun, yana cewa ai sayarwar ba ta yiwu ba daga baya. Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Hale, ta ce an ɗora kaya inda bai dace ba. Muddin an tabbatar da ha'inci, wanda ya yi ha'incin ne zai kawo hujjar cewa ƙaryarsa ba ta sake kome ba. In ya kasa, sulhu ya rushe.

Kada a ɗauka maza kaɗai wannan doka ke kamawa. Tushenta a Ingila shari'ar Livesey da Jenkins ce, wadda Majalisar Dattawan ƙasar, da ita ce kotun ƙoli a zamanin, ta yanke cikin 1984. A can matar ce ta ɓoye cewa an yi mata baiko da wani. Cikin 1982 mijin ya sakar mata rabinsa na gida, ita kuma ta yafe kuɗin ciyarwa, alhali ta san da zarar ta sake aure kuɗin ciyarwar zai faɗi da kansa. Kafin wata ya cika ta yi aurenta. Kotu ta rushe rabon. Amma a cikin wannan hukunci ne Mai Shari'a Brandon ya yi gargaɗi cewa ba kowace 'yar mantuwa ce za ta rushe hukunci ba, sai wadda da an sani da rabon ya bambanta ƙwarai.

A Amurka ma, inda yawancin jihohi suka tsaya bisa cewa rabon dukiya ba ya gyaruwa, ha'inci yana buɗe ƙofa. A Jihar Kalifoniya, wata mata mai suna Denise Rossi ta ci kimanin dala miliyan ɗaya da dubu 300 a cacar tikiti ta gwamnatin jihar a watan Disamba na 1996. Bayan kwana 11 ta nemi saki daga mijin da suka yi shekara 25 tare, ba ta ambaci kuɗin ba, ta sa ana aika mata da takardun gidan mahaifiyarta. Cikin 1999 wata wasiƙa ta ɓata hanya ta faɗa hannun tsohon mijin. Da ta faɗi gaskiya tun farko, mafi yawan abin da zai samu rabi ne. Da ya ke ta ɓoye, alƙali ya ba shi kuɗin gaba ɗaya, kotun sama kuma ta tabbatar cikin 2001. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ƙofa ta biyu: abin da ba a zata ba

Akwai lokacin da babu wanda ya yi ƙarya, amma wani al'amari ya auku wanda ya tumɓuke tushen da aka gina rabon a kansa. Abin misali a nan shari'ar Barder ce, mai ban tausayi ƙwarai. A watan Fabrairu na 1985 mijin ya amince ya sakar wa matar rabinsa na gida domin ta zauna da 'ya'yansu biyu. Bayan kimanin mako biyar matar ta kashe yaran, ta kashe kanta. Bisa wasiyyarta gidan zai koma ga mahaifiyarta, wa'adin ɗaukaka ƙara kuwa ya riga ya wuce. Cikin 1987 Majalisar Dattawa ta ba mijin izini, ta rushe rabon, domin an yi shi ne bisa zaton cewa uwa da 'ya'ya za su daɗe suna bukatar muhalli.

Sharuɗɗa huɗu aka kafa a wannan shari'a, har yau kuma su a ke bi a Ingila. Na farko, sabon al'amarin ya zama ya rushe ainihin tushen hukuncin. Na biyu, ya auku ba da daɗewa ba bayan hukuncin, galibi cikin 'yan watanni, da wuya ya kai shekara. Na uku, mai nema ya garzayo kotu da sauri. Na huɗu, kada gyaran ya cuci wani na waje da ya sayi kadarar da kuɗinsa bisa gaskiya.

Mutane da yawa sun gwada shiga ta wannan ƙofa sun kasa. Brian Myerson, wani mai juya kuɗin masu jari a London, ya yi sulhu da matarsa a farkon 2008 bisa dukiyar kimanin fam miliyan 25. Matar ta ɗauki kashi 43 cikin 100, yawancinsa tsabar kuɗi, shi kuwa ya zaɓi riƙe hannun jarin kamfaninsa. Kafin shekara ta zagayo tattalin arzikin duniya ya karye, jarin ya zubar da kimanin kashi 90 cikin 100 na darajarsa. Ya roƙi a sake rabo, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi cikin 2009. Hujjarta ita ce hawa da saukar farashi, kome girmansa, abu ne da kowane ɗan kasuwa ya sani, kuma da jarin ya ninka ba zai kira matar ya ƙara mata ba. Wanda ya zaɓi riba, shi zai ɗauki faɗuwa.

Haka nan a Amurka, cikin 1991 wata kotu a Jihar Arizona ta ba Sandra Howell rabin fanshon mijinta John, sojan sama. Bayan shekara 13 da ritayarsa ya sauya wani ɓangare na fanshon zuwa kuɗin naƙasa, abin da ya rage mata kimanin dala 125 kowane wata. Kotunan jihar suka umarce shi ya cike mata giɓin, amma cikin 2017 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce dokar tarayya ta hana a raba kuɗin naƙasar soja, ko kai tsaye ko ta bayan gida. Abin da ta bari kawai shi ne, kotun iyali na iya lura da irin wannan ragi wajen tsara kuɗin ciyarwa.

Inda ba a yi rabo ba sam

Akwai wani hali na dabam, watau a raba aure ba tare da an taɓa maganar dukiya ba, ko dai don babu abin rabawa, ko don ana gaggawar rabuwa. Kathleen Wyatt da Dale Vince sun yi aure cikin 1981 ba su da ko anini, aka raba su cikin 1992. Daga baya mijin ya kafa kamfanin lantarki na Ecotricity, ya zama attajiri. Cikin 2011, shekara 19 bayan saki, matar ta kai ƙara tana neman fam miliyan ɗaya da dubu 900, tana cewa ita ta ɗauki wahalar renon ɗansu. Kotun Ƙoli cikin 2015 ta ce tun da babu wani hukunci da ya rufe maganar dukiya, dokar Ingila kuma ba ta sa wa'adi ba, to tana da damar a saurare ta, ko da ya ke jinkirin zai rage mata da yawa. Cikin 2016 suka daidaita bisa fam dubu 300. Darasin shi ne, takardar saki dabam, takardar rabon dukiya dabam.

A kotunan Musulunci

Yawancin Hausawa dai aurensu na Musulunci ne, dokar 1970 ba ta shafe su ba. Shari'arsu tana gaban kotunan Shari'a ko kotunan yanki, ana hukunci bisa mazhabar Malikiyya, ɗaukaka ƙara kuma ta kan kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulki ya ba hurumi bisa al'amuran aure. A wannan tsari aure ba ya gama dukiyar miji da ta mata. Abin da ta mallaka nata ne, sadakinta nata ne, abin da ya mallaka nasa ne. Saboda haka abin da a ke kira rabo a nan tantancewa ce ta wane ne mai mene. In an yi jayayya bisa kayan gida babu shaidu, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san mata ke mallaka a ba matar bayan ta yi rantsuwa, abin da aka san na maza ne ko wanda kowa ke iya mallaka a ba mijin bayan ya rantse. Matar da ta zuba kuɗin adashinta ko na sana'arta a ginin miji, sai ta kawo shaida kafin ta sami wani abu.

Game da komawa bisa hukunci, malaman mazhabar sun riƙe ma'auni biyu. A gefe guda, wasiƙar da Halifa Umar ya rubuta wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari ta hore shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa. Bisa wannan, ana warware hukuncin da ya saɓa wa nassi bayyananne ko ijma'i. A ɗaya gefen kuma, kafin alƙali ya yanke hukunci ya kan yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ya ba shi lokaci. In ya kasa, alƙali ya rubuta gazawarsa, to ba a sake sauraron hujjarsa. Littafin Muhtasar na Shaihu Halil ya keɓe abu biyar daga wannan rufewa: jini, waƙafi, 'yanta bawa, nasaba da saki. Da'awar dukiya ba ta cikinsu. Wanda aka yi wa i'izari ya yi shiru bisa wani haƙƙi da ake jayayya a kansa, ya yi wa kansa.

Akwai kuma wata mas'ala da mata da yawa ba su sani ba, wadda ta dace da tambayar yau sosai. Matar da ta fanshi kanta da dukiya, watau ta yi hul'i, in daga baya ta tabbatar cewa cutarwar miji ce ta tilasta mata, to sakin yana nan daram, amma za a maido mata da abin da ta biya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo wannan, Muhtasar kuma ya sauƙaƙa hanyar tabbatarwa, har ya karɓi shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta game da cutarwar, ko rantsuwarta tare da shaidar namiji ɗaya ko mata biyu. Ciyar da 'ya'ya kuwa yana kan uba gwargwadon ƙarfinsa, saboda haka adadin da aka yanke bara ana iya sake duba shi bana. Sa'an nan hadisin Ummu Salama ya yi kashedi cewa wanda ya fi abokin shari'arsa iya magana har aka yanke masa haƙƙin da ba nasa ba, yankin wuta aka yankar masa. Hukuncin alƙali ba ya halatta haram.

Hausawan da ke zaune a Agege ta Ikko ko Sabo ta Ibadan, inda babu kotunan Shari'a na gwamnati, su kan kai irin wannan magana gaban liman ko Sarkin Hausawa. Abin da aka yanke a can sulhu ne, ƙarfinsa yana ga yardar waɗanda suka yi shi, don haka ya fi kyau a rubuta shi dalla-dalla, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kofe.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Daga duk waɗannan shari'u abu uku ne ya fito. Na ɗaya, lokacin yin magana shi ne kafin a sa hannu. Wanda ke zargin an ɓoye wani abu ya roƙi kotu ta tilasta a kawo takardun banki da na filaye tun shari'a tana ɗanya, kada gajiya ko kunyar surukai ta sa ya karɓi abin da zai yi nadama a kansa. Na biyu, in gaskiya ta bayyana daga baya, a tafi kotu nan da nan, da hujja a hannu, domin jinkiri kansa ya kan kashe ƙara, balle in kadarar ta riga ta shiga hannun mai saye. Na uku, rasit da takardar shaida sun fi dogon bayani. Matar da ta sayi buhun siminti ko bandir na kwano domin ginin gida, ta adana rasit ɗinsa da sunanta.

Varsha Gohil ta shafe shekara takwas daga ranar da ta koma kotu zuwa ranar da Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya, abin da ta samu a ranar kuwa izini ne kawai na a sake sauraron rabon daga farko. Wannan a ƙasar da ke da cikakkun takardu ke nan. Mai ɓoye dukiya ya sani cewa doka ba ta rufe masa asiri har abada, wanda aka zalunta kuma ya sani cewa hanyar komawa tana da tsawo da tsada. Allah ya sa a rabu lafiya in zama ya ƙi, kowa ya tashi da abin da ke nasa.